Tattaunawar Sulhu a Ƙasar Waje: Nijeriya da Biyafara, 1967–1970

1.0 Gabatarwa

Idan wani yanki na ƙasa ya ɓalle, ko ya ɗaura niyyar ɓallewa, matsalar farko da masu neman sulhu kan ci karo da ita ita ce ta wurin zama. Jagoran yankin ba zai yarda ya je babban birni ba, domin yana tsoron kamu ko kisa, kuma zuwan nasa tamkar amincewa ce da cewa har yanzu yana ƙarƙashin gwamnatin tsakiya. Shi ma shugaban ƙasa ba zai taka ƙafa zuwa yankin ba, don kada a ce ya ɗauki ɗan tawaye a matsayin takwaransa. Wannan ne ya sa akan nemi wata ƙasa ta daban ta ba da masauki, kamar dai yadda 'yan'uwa biyu da suka saɓa kan haɗu a zauren wani dattijo, tun da babu wanda zai yarda ya shiga gidan ɗan'uwansa.

Wannan babi zai duba irin wannan zama ta hanyar misalin da ya fi kusa da mu, wato tarurrukan da aka yi tsakanin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya da Yankin Gabas, wanda daga baya ya kira kansa Biyafara. An zauna a Aburi da Kamfala da Yamai da Adis Ababa da Manrobiya, kuma babu zaman da ya hana yaƙi ko ya tsayar da shi. Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi shi ne, a kusan kowane zama an watse ne a kan ma'anar kalma ɗaya ko biyu, kuma a ƙarƙashin kalmomin akwai tambaya guda wadda mai masauki ba ya da ikon amsawa: ƙasar nan ɗaya ce ko biyu?

2.0 Abin da Ya Kai ga Zaman Aburi

A ranar 15 ga Janairu, 1966 wasu ƙananan hafsoshin soja, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo, suka yi yunƙurin juyin mulki. Suka kashe Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Arewa Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Firimiyan Yamma Cif Akintola, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Mulki ya faɗa hannun Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, wanda a watan Mayu ya kafa Doka ta 34 da ta soke tsarin tarayya ta mai da ƙasar dunƙulalliya a ƙarƙashin gwamnati guda. Arewa ta ɗauki wannan a matsayin shirin danniya, tarzoma ta ɓarke. A ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi a Ibadan, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaba. A watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban mutanen Gabas mazauna Arewa, fiye da miliyan guda kuma suka yi gudun hijira zuwa yankinsu. (Ƙasar tana da manyan yankuna 4 a lokacin, waɗanda Hausar zamanin ke kira jihohi, kamar Jihar Arewa. A nan za a yi amfani da kalmar yanki don kada a ruɗa su da jihohin da aka ƙirƙira daga baya.)

Yana da kyau a tuna cewa maganar rabuwa ba daga Gabas kaɗai ta fito ba. Kirarin masu zanga-zanga a Arewa a 1966 shi ne araba, wato a raba, kuma a taron tsara makomar ƙasa da aka buɗe a Legas a watan Satumba na wannan shekara, tawagar Arewa ta fara gabatar da shawarar haɗaka mai sako-sako wadda kowane yanki ke da 'yancin ficewa, kafin ta sauya ra'ayi ta koma ga tarayya mai ƙarfi.

Gwamnan Gabas, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ƙi amincewa da shugabancin Gowon. Hujjarsa ita ce akwai hafsoshin da suka girme shi a muƙami, kamar Birgediya Ogundipe, kuma ba a fito an bayyana wa jama'a abin da ya sami Ironsi ba. Bugu da ƙari, ya ce ba zai halarci taro a duk wani wuri da sojojin Arewa suke ba. Watanni 5 suka shuɗe majalisar ƙoli ta soja ba ta zauna da cikakkun wakilanta ba. A wannan hali ne shugaban mulkin sojan Gana, Laftanar Janar Joseph Ankrah, ya miƙa goron gayyata.

3.0 Aburi: 4 da 5 ga Janairu, 1967

An yi zaman ne a gidan saukar shugaban ƙasa na Peduase, kusa da garin Aburi, a kan tsaunukan da ke arewa da Akara. Waɗanda suka halarta su ne Gowon, da gwamnonin yankuna 4, wato Hassan Usman Katsina na Arewa, Robert Adebayo na Yamma, David Ejoor na Yamma ta Tsakiya da Ojukwu na Gabas, sai Mobolaji Johnson mai kula da Legas, da Kwamanda Wey na sojan ruwa, da Sufeto Janar na 'yan sanda Alhaji Kam Salem da mataimakinsa. Ankrah ya buɗe taro, ya yi musu nasiha a matsayinsa na soja ɗan'uwansu, ya bar su su tattauna. An ɗauki maganganun a na'ura, saboda haka abin da kowa ya faɗa yana nan a ajiye.

Tun daga shiri aka sami bambanci. Yawancin mahalarta sun je ne da tunanin zaman zumunci na tsofaffin abokan aiki, a wanke zukata, a bar wa ma'aikata aikin rubuta dalla-dalla daga baya. Ojukwu kuwa, wanda ya yi karatun tarihi a Jami'ar Okisfod, ya je da takardu a shirye da buƙatu a jere. Duk wanda ya zo taro da daftari a hannu, kan daftarinsa ake yin muhawara, kuma haka aka yi. Ya kafa hujja da cewa gara yankunan su ɗan ja baya da juna su tsira, da su matsu wuri guda su hallaka.

Abubuwan da aka amince da su suna da yawa. An yi alkawarin ba za a yi amfani da ƙarfi wajen warware rikicin ba. An yarda a soke dokokin da suka tattara iko a tsakiya tun daga Janairun 1966, a kuma ci gaba da biyan albashin ma'aikatan da suka gudu daga wuraren aikinsu har zuwa 31 ga Maris, 1967. Za a kasa rundunar soja zuwa shiyyoyi daidai da yankuna. Naɗin manyan jakadu da manyan jami'an 'yan sanda da na gwamnatin tarayya sai da amincewar majalisar ƙoli. Amma abubuwa biyu ne suka fi jan hankalin mai nazarin harshe.

Na farko shi ne laƙabin shugaba. Ironsi ya riƙe laƙabin da za a iya fassarawa da Kwamandan Ƙoli, Gowon ya gaje shi. A Aburi aka sauya shi zuwa Babban Kwamandan Askarawa kuma Shugaban Gwamnatin Soja ta Tarayya. Mai fassara zuwa Hausa zai iya ganin duka biyun abu ɗaya ne, har ya ba su fassara guda, alhali a wurin Ojukwu tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukkan maganar. Na farkon yana ba da umarni a bi. Na biyun, a fahimtarsa, shugaban zaman majalisa ne kawai, ɗaya daga cikin tsararraki.

Na biyu ya fi wannan nauyi. An rubuta cewa ikon yin doka da na zartarwa yana hannun majalisar ƙoli ta soja, kuma duk al'amarin da ya shafi ƙasa baki ɗaya, idan ba a sami damar zama ba, sai a aika wa gwamnoni don jin ra'ayinsu da samun amincewarsu. To, amincewar wa? Ta dukkan gwamnoni ko ta mafi rinjaye? Idan ta dukkansu ce, kowane gwamna yana da ikon hawa kujerar na-ƙi, gwamnatin tsakiya kuma ba za ta iya motsi ba sai da izinin Inugu. Wannan shi ne tsarin ƙawance, inda yankuna ke riƙe da ikonsu su ɗan ara wa tsakiya abin da suka ga dama. Idan kuwa ta mafi rinjaye ce, tarayya tana nan daram. Takardar ba ta fayyace ba, ba ta kuma kira tsarin da sunan ƙawance ba. A ganina wannan rashin fayyacewa shi ne ya sa kowa ya iya sa hannu, domin da an tsaya an tambayi ma'anar kalmar a zauren, da wuya a tashi da yarjejeniya.

3.1 Bayan an Dawo Gida

Da takardun suka isa Legas, manyan sakatarorin gwamnatin tarayya suka yi musu karatun ƙwaƙƙwafi, suka faɗa wa Gowon cewa aiwatar da su yadda suke daidai yake da rusa tarayya. A taron 'yan jarida na 26 ga Janairu, Gowon ya ba da tasa fassarar, wadda ta saɓa da wadda Ojukwu ya riga ya bayar a Inugu. Gwamnatin Gabas ta fitar da maganganun da aka ɗauka a faifai don jama'a su ji da kunnensu, taken mutanen yankin kuma ya zama cewa a kan Aburi suka tsaya.

A ranar 17 ga Maris aka fitar da Doka ta 8. Adalci shi ne a ce dokar ta ba yankuna iko mai yawan gaske, fiye da duk wanda suka taɓa samu, har ana iya cewa ta cika mafi yawan alkawuran Aburi. Sai dai ta ƙunshi wani sashe da ya ba majalisar ƙoli damar kafa dokar ta-ɓaci a kowane yanki idan shugaba da gwamnoni aƙalla 3 suka amince. Gwamnonin 4 ne. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin Ojukwu ya gane wanda ukun za su iya haɗuwa a kansa, don haka ya yi watsi da dokar. A ƙarshen Maris ya ba da umarnin a riƙe kuɗin shigar tarayya da ake tarawa a Gabas. A ranar 27 ga Mayu Gowon ya kasa ƙasar zuwa jihohi 12, uku daga ciki a Gabas, abin da ya raba ƙananan ƙabilu masu arzikin mai da bakin teku daga ƙasar Ibo. A ranar 30 ga Mayu Ojukwu ya shelanta Jamhuriyar Biyafara, yaƙi kuma ya fara a ranar 6 ga Yuli.

Ina mai masauki a duk wannan? Ankrah ya yi ta ƙoƙarin sasantawa, amma yarjejeniyar ba ta ba shi matsayin alƙalin da za a koma wa idan an saɓa a kan fassara ba, ba ta kuma kafa wani kwamitin sa ido ba. Gana ta ba da ɗaki da tsaro na kwana biyu. Abin da aka nema daga gare ta ke nan, shi ne kuma iyakar abin da take da iko a kai.

4.0 Tarurrukan Lokacin Yaƙi

Da yaƙi ya kankama, sai masu shiga tsakani suka zama ƙungiyoyi. A taronta na Kinshasa a watan Satumba na 1967, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa kwamitin tuntuɓa na shugabanni 6: Sarki Haile Selassie na Habasha a matsayin jagora, da Tubman na Laberiya, Mobutu na Kwango, Ahmadu Ahidjo na Kamaru, Ankrah na Gana da Jori Hamani na Nijar. Ƙudurin da ya kafa kwamitin ya la'anci ɓallewa, ya ɗauki rikicin a matsayin al'amarin cikin gida na Nijeriya. Ba abin mamaki ba ne. Tun a taron Alƙahira na 1964 ƙungiyar ta yanke shawarar mutunta iyakokin da aka gada daga 'yan mulkin mallaka, kuma Mobutu bai manta da ɓallewar Katanga ba, Sarkin Habasha kuma yana fama da masu neman 'yancin Iritiriya. Ke nan tun kafin a zauna, masu sulhun sun riga sun amsa babbar tambayar, kuma amsarsu irin ta Legas ce.

Zaman Kamfala na ƙarshen watan Mayu, 1968 ya gudana ne a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, ta hannun babban sakatarenta Arnold Smith, Shugaba Milton Obote na Yuganda kuma ya ba da masauki. Cif Anthony Enahoro ya jagoranci tawagar tarayya, Sa Louis Mbanefo ya jagoranci ta Biyafara. A nan rigimar ta koma ta jerin lokaci, wato ta kalmomin kafin da bayan. Biyafara ta ce a tsagaita wuta kafin a tattauna makoma. Tarayya ta ce za a tsagaita wuta bayan an janye shelar ɓallewa. Kowane ɓangare yana da dalilin taurin kai: sojojin tarayya sun kama Fatakwal 'yan kwanaki kafin taron, ita kuma Biyafara ta sami amincewar Tanzaniya da Gabon da Kodebuwa da Zambiya a cikin watannin Afrilu da Mayu. Wanda ke cin nasara a fagen fama bai ga dalilin sassauci ba, haka ma wanda ke cin nasara a fagen diflomasiyya. Mbanefo ya janye tawagarsa a ranar 31 ga Mayu, yana mai cewa sharuɗɗan da aka gabatar na miƙa wuya ne.

A watan Yuli aka koma Yamai, inda Jori Hamani ya karɓi baƙuncin kwamitin tuntuɓa. Nijar tana da dalilin damuwa fiye da sauran, ganin yadda cinikinta da zumuncin jama'arta ke haɗe da Nijeriya. Gowon ya je ya yi wa kwamitin jawabi ya koma, sannan Ojukwu ya iso. Gari ɗaya, mako ɗaya, amma ba su haɗa ido ba. A lokacin yunwa ta riga ta yi tsanani a cikin Biyafara, hotunan yara masu ciwon tamowa sun cika jaridun duniya, saboda haka yawancin maganar ta karkata ga hanyar shigar da abinci. Tarayya ta fi son hanyar ƙasa wadda za ta iya bincikawa, Biyafara ta fi son ta sama, domin tana tsoron hanyar ƙasa ta zama ƙofar shigar sojoji, jiragen dare kuma su ne ke kawo mata makamai tare da kayan agaji. Abin da aka cimma a Yamai shi ne jadawalin taro na gaba.

Taron na gaba ya buɗe a Adis Ababa a ranar 5 ga Agusta. Ojukwu ya je da kansa ya yi jawabin da ya wuce sa'a biyu, Gowon kuwa bai je ba, ya tura Enahoro. Wannan ma magana ce, ko da ba a furta ta ba, domin zaman shugaba da shugaba a teburi guda yana nuna daidaiton matsayi, abin da Legas ke gudu ke nan. 'Yan kwanaki kafin taron Faransa ta fito fili ta goyi bayan 'yancin mutanen Biyafara na zaɓar makomarsu, makamai kuma suka ƙaru ta hanyar Gabon da Kodebuwa. Aka shafe kusan makonni 5 aka watse hannu rabbana.

Misalin da ya fi fito da batun kalma fili shi ne na Manrobiya, a watan Afrilu na 1969. Kwamitin ya gabatar da daftarin da ke neman ɓangarorin biyu su amince da Nijeriya ɗaya dunƙulalliya, wadda za ta tabbatar da tsaro da daidaito ga dukkan 'yan ƙasa. Tawagar tarayya ta karɓa. Tawagar Biyafara ta nemi a cire kalmomin da ke nufin Nijeriya ɗaya a sa kalmar da ke nufin mafita a madadinsu, wato a bar ƙofa a buɗe. Aka ƙi, taro ya mutu. Abin lura a nan shi ne, Manrobiya kishiyar Aburi ce. A Aburi an bar kalma a dunƙule, kowa ya sa hannu, aka saɓa a gida. A Manrobiya an fayyace ta sarai, sai aka rasa mai sa hannu na biyu.

5.0 Shin Akwai Hanya ta Uku?

Ɗalibi zai iya tambaya ko irin wannan zama ya taɓa haifar da ɗa mai ido. Ya taɓa, kuma misalin Sudan ya isa. A garin Machakos na Kenya, a watan Yuli na 2002, gwamnatin Sudan da 'yan tawayen Kudu suka amince da wata dabara: ba a ce ƙasa ɗaya ce har abada ba, ba a kuma ce biyu ce nan take ba. An yarda a zauna tare na tsawon shekara 6, a ba haɗin kai fifiko, sannan mutanen Kudu su yi ƙuri'ar raba gardama. An sa hannu a kan cikakkiyar yarjejeniya a Nairobi a ranar 9 ga Janairu, 2005, aka yi ƙuri'ar a Janairun 2011, Sudan ta Kudu ta sami 'yanci a ranar 9 ga Yuli na wannan shekara. Bambancin shi ne an rubuta wanda zai amsa tambayar da ranar da zai amsa ta, an kuma sa ƙasashen waje a matsayin shaidu masu sa ido. Sai dai an kai ga haka ne bayan kusan shekara 20 ana yaƙi, lokacin da kowane ɓangare ya haƙiƙance ba zai iya murƙushe ɗaya ba. Rikicin Nijeriya bai taɓa kaiwa wannan matsayi ba, domin tun daga faɗuwar Inugu a watan Oktoba na 1967 gwamnatin tarayya ta yi imanin nasara tana hannunta, jagororin Biyafara kuma suka ci gaba da fatan cewa tausayin duniya zai tilasta a tsagaita wuta kafin ƙarfinsu ya ƙare.

6.0 Zaman Ƙarshe

Yunƙurin sake haɗuwa a Adis Ababa a watan Disamba na 1969 bai ko kai ga zama ba, saboda saɓani a kan ko gayyatar ta Sarkin Habasha ce shi kaɗai ko ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ce. A ranar 11 ga Janairu, 1970 Ojukwu ya tashi daga filin jirgin Uli ya nufi Kodebuwa, ya bar ragama a hannun Philip Effiong, wanda washegari ya yi shelar ajiye makamai ta rediyo. Yaƙin ya ɗauki wata 30, kuma ƙiyasin rayukan da suka salwanta ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2 ko fiye, mafi yawansu fararen hula da yunwa ta kashe.

A ranar 15 ga Janairu, 1970, shekara 4 cif bayan juyin mulkin farko, ɓangarorin biyu suka haɗu a Barikin Dodan da ke Legas, ba tare da mai masauki ko mai shiga tsakani ba. Effiong ya karanta takardar da ke tabbatar da cewa su 'yan Nijeriya ne masu biyayya ga Gwamnatin Soja ta Tarayya, sun amince da tsarin jihohi 12, wakilan jama'ar Nijeriya ne za su tsara duk wani kundin mulki na gaba, kuma Jamhuriyar Biyafara ta daina wanzuwa. Gowon ya rungume shi, ya kuma shelanta cewa babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci da yaƙi.